Baƙin mai, LNG, metanol ko fukafukan iska: wanne ya dace da jirginka?

Duk wanda ke da jirgin ruwa na dakon kaya a yau, ko yake cinikin na hannu, ko kamfaninsu ya ɗora masa alhakin ba da shawara kan sabon da za a ƙera, tambaya ɗaya ce ke ci masa tuwo a ƙwarya: da wane mai jirgin nan zai riƙa tafiya? A da babu mai wannan tunani. Baƙin mai ake zubawa, wato ragowar da ke kwanciya a ƙasa bayan matata ta kwashe fetur da kananzir da man gas, mai kaurin da sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. Arha gare shi, kuma kowace babbar tasha akwai shi. Yanzu abin ya canza, domin dokokin kare muhalli sun taso wa masu jirage ta kowane ɓangare, kuma jirgi ba abin da ake canzawa bayan shekara biyar ba ne. Yakan yi shekara ashirin da biyar yana aiki. Wanda aka ba da odarsa bana, da wuya bai ga shekarar 2050 a kan ruwa ba.

Maganar ta wuce masu jirage kaɗai. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ake fataucinsu tsakanin ƙasashe ta teku suke bi, kuma jiragen suna fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Duk kuɗin da aka kashe wajen rage wannan hayaƙi, a ƙarshe kan kwantena yake sauka, ko tana zuwa Apapa da Lekki ne, ko Kwatano da Lome a kan hanyarta ta zuwa Kano ko Maraɗi.

Dokokin da suka sa zaɓin ya zama dole

Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ita ta fara matsa lamba. Tun ranar 1 ga Janairun 2020 ta rage yawan farar wuta da aka yarda ta kasance cikin man jirgi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100. A wasu yankuna na musamman, kamar tekun Baltik da tekun Arewa da gaɓar Amurka ta Arewa, iyakar kashi 0.1 ce, kuma tekun Bahar Rum ya shiga sahunsu a watan Mayun 2025. Daga 2023 kuma aka fara ba manyan jirage maki daga A zuwa E bisa yawan hayaƙin da suke fitarwa a kan kayan da suke iya ɗauka da nisan da suka yi. Jirgin da ya samu D shekara uku a jere, ko E sau ɗaya, sai ya gabatar da shirin gyara. A watan Yulin shekarar ne ƙasashen hukumar suka amince da burin kawar da hayaƙin gaba ɗaya zuwa wajen 2050.

Tarayyar Turai ba ta jira kowa ba. Daga 2024 jirgin da ya kai girman tan 5,000 yana biyan kuɗin hayaƙi idan ya taɓa tashar Turai: cikakke a tafiya tsakanin tashoshinsu, rabi a tafiyar shiga ko fita. An fara da biyan kashi 40 na abin da ya hau, ya koma 70, daga hayaƙin 2026 kuwa duka ne. Sai wata doka ta biyu, FuelEU, da ta fara aiki a 2025, wadda ke neman ƙazantar man kansa ta ragu da kashi 2 da farko, kashi 6 a 2030, har ta kai kashi 80 a 2050. Tsarin harajin duniya baki ɗaya da IMO ta tsara a Afrilun 2025 kuwa, an ɗage tabbatar da shi a watan Oktoban shekarar bayan Amurka da Saudiyya sun yi tsayin daka. Wannan ɗagewa ita ta bar mutane da yawa a tsaka mai wuya: kowa ya san inda aka dosa, amma ranar isa ba a tsayar ba.

Ma'aunan da ya kamata ka riƙe

Na farko kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne: wanda za ka zuba a karon farko wajen ƙira ko gyara, da wanda za ka riƙa biya kullum. Kada ka kwatanta farashin tan da tan, domin tan ɗin metanol, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ake iya ƙonawa a inji, bai kai rabin ƙarfin tan ɗin man gas ba. Kwatanta abin da tafiya ɗaya za ta ci, haɗe da haraji. Tan ɗaya na baƙin mai idan ya ƙone yana fitar da iskar kabon sama da tan uku. Idan Turai na karɓar Yuro 70 kan kowane tan na hayaƙi, to kowane tan na man da ka ƙona tsakanin tashoshinsu ya ƙaru da sama da Yuro 200.

Na biyu ƙarko, kuma ba ƙarkon ƙarfe kaɗai nake nufi ba. Shekara nawa wannan zaɓi zai yi kafin doka ta cim masa?

Na uku sauƙi: a ina za ka sha man, kuma su wa za su riƙe injin? Man da babu shi a hanyarka, ko ya fi kowane tsabta, ba shi da amfani gare ka. Na huɗu haɗari ga ma'aikata da jirgi. Na biyar kuwa, wanda ni na fi ba wa nauyi, shi ne gaskiyar amfanin ga muhalli idan aka lissafa tun daga inda aka haƙo ko aka sarrafa man har zuwa bututun hayaƙi. Akwai man da ke da tsabta a kan jirgi amma ya bar ƙazantarsa a masana'anta.

Akwai tambayar da ke gaba da duk waɗannan: wa ke biyan kuɗin mai? Idan jirginka yana hannun mai haya na tsawon lokaci, shi ke sayen mai, kai kuma ke sayen na'ura. Sai ka kashe miliyoyi, shi ya ci ribar. Kafin ka sa hannu a komai, a rubuta yadda za a raba wannan riba a cikin yarjejeniyar haya.

Mai mai ƙarancin farar wuta, tare da rage sha

Wannan shi ne abin da mafi yawan jiragen duniya ke yi. Ba ka canza inji, ba ka canza tanki, sai dai ka sayi man da ake kira VLSFO mai farar wuta kashi 0.5, ka ajiye man gas na shiga yankunan kashi 0.1. Kuɗin farko kusan babu, kuma ana samunsa daga Singafo, wadda ke sayar da man jirage sama da tan miliyan 50 a shekara, har zuwa gaɓar Lome.

Wahalarsa a ɗakin inji take. Man haɗe-haɗe ne, kowace matata da irin nata, kuma idan aka gauraya na tasha biyu da ba su jitu ba sai ya yi laka ya toshe matatun inji a tsakiyar teku. Shi ya sa babban injiniya mai hankali ba ya zuba sabon mai a kan tsoho, kuma ba ya barin jirgin dakon mai ya tafi sai an ɗebi samfuri a kwalba, an rufe ta da hatimi, kowa ya sa hannu. Doka ta ce a ajiye kwalbar nan aƙalla shekara guda, takardar karɓar mai kuma shekara uku. Ranar da masu bincike suka hau jirgi, su za su fara nema.

Ta fuskar muhalli, ya rage farar wuta sosai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga huhun mutanen da ke zaune kusa da tasha. Iskar kabon kuwa tana nan yadda take. Abin da ke ceton wannan zaɓi shi ne rage shan man. Ƙarfin da inji ke buƙata yana hawa da gudu fiye da yadda mutum zai zata: rage gudu da kashi 10 yana rage man tafiya da kusan kashi 19, ko da an lissafa ƙarin kwanakin da za a yi. Sai tsabtar ƙasan jirgi. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna mannewa a ƙasan jirgi, musamman a ruwan ɗumi irin na mashigin Gini, kuma jirgin da ya yi makonni a tsaye yana jiran layin shiga tasha ya fi kowa tara su. Masu nutso su kankare, a goge farfela, a shafa fenti mai santsi lokacin da aka fitar da jirgi gyara: waɗannan su ne mafi arhar hanyoyin rage hayaƙi da ake da su, kuma abin takaici su ake fara yankewa idan kasafi ya matse. A ganina duk zaɓin da za ka yi a ƙasa, wannan shi ne tushe.

Baƙin mai da na'urar wanke hayaƙi

Doka ta bar ƙofa: kana iya ci gaba da ƙona baƙin mai idan ka sa na'urar da ke fesa ruwa cikin hayaƙi ta wanke farar wutar kafin ya fita. Kuɗinta miliyoyin dala ne, ga makonnin da jirgi zai yi ba ya aiki lokacin sa ta. Ribar kuwa tana rataye ne a kan ratar farashi tsakanin baƙin mai da VLSFO. A farkon 2020 ratar ta haura dala 300 a tan, masu na'ura suka yi ta murna. Watanni kaɗan bayan haka, da annobar korona ta karya farashin mai, ta faɗo ƙasa da dala 100. Babban jirgin dakon ɗanyen mai da ke shan tan da yawa a rana yana iya mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru. Ƙaramin jirgi mai yawo a gaɓa zai daɗe bai gani ba.

Matsalata da wannan hanya ta ruwan wankin ce. Mafi yawan na'urorin buɗaɗɗu ne: suna jan ruwan teku, su wanke hayaƙi, su mayar da ruwan cikin teku ɗauke da tsami da ƙarafa masu guba da ragowar mai. An share ɗaki ne an tura sharar ƙarƙashin gado. Singafo ta hana zubar da ruwan a tasharta tun 2020, haka Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ruwan gaɓar Sin, sannan Denmak da Suwidin da Finlan suka hana a ruwansu daga Yulin 2025. Jerin masu hanawa ƙaruwa yake yi. Akwai rufaffiyar na'ura mai tara dattin a tanki a sauke a tasha, amma ta fi tsada kuma tana buƙatar sinadari. Ruwan mai tsami yana cin bututu, don haka gyara ba ya ƙarewa. Ga iskar kabon kuma ba ta rage komai, hasali ma famfunanta suna ƙara shan mai kaɗan.

Iskar gas ta LNG

Cikin sababbin nau'o'in mai, wannan, wato iskar gas da aka sanyaya ta zama ruwa, shi ya fi balaga. Kamfanin CMA CGM na Faransa ya ƙaddamar da Jacques Saadé a 2020, mai ɗaukar kwantena dubu 23 yana tafiya da LNG, kuma a Janairun 2024 wani jirginsu mai amfani da gas, CMA CGM Scandola, ya tsaya a tashar Lekki. Farar wuta kusan babu, baƙin toka ma haka, kuma iskar kabon da ke fita daga bututu tana raguwa da kamar kashi 20 zuwa 25. Ga garin da ke kewaye da tasha, bambancin a bayyane yake.

Kuɗin farko ne mai nauyi. Gas ɗin ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, saboda haka tankinsa na musamman ne, mai rufi, mai tsada, kuma yana cin wurin da za a sa kaya. Juya tsohon jirgi zuwa LNG da wuya ya biya. Farashin gas ɗin kansa ba shi da tabbas: a 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, ya yi tashin da ya sa jirage da yawa masu injin mai-biyu, wato mai iya ƙona mai iri biyu, suka koma man gas. Wannan ita ce fa'idar injin mai-biyu, kana da mafita. Wuraren sha suna da yawa a Rotadam da Singafo da Shanghai da tashoshin Bahar Rum. A Afirka ta Yamma kuwa, duk da cewa Najeriya na fitar da LNG daga tsibirin Boni, shayar da jirage da shi bai zama ruwan dare ba, kuma manyan jiragen da ke zuwa da shi sukan sha ne a Turai ko Asiya su yi zuwa da komawa.

Yanzu ga inda mai saye ya kamata ya buɗe ido. LNG iskar mitan ce, kuma duk wadda ta kuɓuce daga inji ba ta ƙone ba, ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na kabon wajen sau 30 a ma'aunin shekara ɗari, sama da sau 80 a ma'aunin shekara ashirin. Yawan kuɓucewar ya dogara da irin injin. Alƙaluman da Turai ke amfani da su a lissafi sun ɗora kashi 3.1 a kan injin mai bugu huɗu mai ƙaramin matsi, kashi 1.7 a kan mai bugu biyu mai ƙaramin matsi, kashi 0.2 kacal a kan mai bugu biyu mai babban matsi. Da na farkon, kusan duk ribar muhallin ta zube. Da na ƙarshen, ribar ta gaskiya ce. Kuma daga 2026 Turai na cajin kuɗi kan mitan ɗin ma. Don haka idan dillali ya ce maka jirgi na LNG ne, tambayarka ta gaba ita ce wane irin inji.

Ƙarkonsa a gaban doka matsakaici ne. Zai wuce iyakokin Turai na shekarun farko, amma daga tsakiyar shekarun 2030 sai an riƙa haɗa shi da gas ɗin da ake samu daga shara da kashin dabbobi, wanda inji ɗaya ke ƙona su duka. Ma'aikata kuma sai sun samu horo da takardar shaida ta musamman.

Metanol

Kamfanin Maersk ne ya ɗaga tutar wannan. A Satumbar 2023 aka raɗa wa Laura Maersk suna a Kofanhagan, mai ɗaukar kwantena 2,100, sannan a farkon 2024 Ane Maersk mai ɗaukar dubu 16 ta biyo baya. Abin da ke jan hankali shi ne metanol ruwa ne a yanayin zafi na yau da kullum. Ba ya buƙatar tankin sanyi, ƙirar jirginsa ta fi ta LNG arha, kuma juya tsohon inji zuwa gare shi mai yiwuwa ne. Idan ya zube a teku yana narkewa cikin ruwa ya ruɓe da sauri, ba ya shimfiɗa baƙin tabo a gaɓa.

Sai dai tankin sai ya ninka na man gas fiye da sau biyu kafin ya kai ka nisa ɗaya. Yana kama wuta a zafin da bai wuce digiri 12 ba, harshen wutarsa da rana kusan ba a gani, kuma guba ne ga wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa. Ana iya sarrafa wannan haɗari da bututu mai bango biyu da na'urorin gano zafi, tunda jiragen dakon sinadarai sun daɗe suna ɗaukarsa.

Babban cikas ɗin shi ne samun na gaskiya. Kusan duk metanol ɗin da ke kasuwa daga iskar gas ko gawayin ƙasa aka yi shi, kuma idan aka lissafa daga masana'anta, bai fi VLSFO tsabta ba, yakan ma ɗara shi ƙazanta. Mai tsabtar, wanda ake yi daga shara ko daga lantarkin rana da iska, kaɗan ne ƙwarai kuma farashinsa ya ninka na man yau da kullum. Masana'antar Kassø a Denmak, da aka buɗe a 2025, tan dubu 42 take iya yi a shekara, abin da babban jirgi ɗaya zai iya shanyewa. Maersk ɗin kansa a 2024 ya sanar da cewa cikin sababbin jiragensa akwai masu amfani da LNG. Wanda bai da yarjejeniyar sayen metanol mai tsabta a hannu, jirginsa na metanol man gas zai riƙa sha.

Man tsirrai da tsohon man girki

Wannan ne mafi sauƙin shiga ga jirgin da ya riga ya kasance a ruwa. Ana haɗa man da aka sarrafa daga tsohon man suya da VLSFO, kashi 24 ko 30 cikin 100, a zuba a tankin da ake da shi, inji ya ƙona ba tare da wani babban gyara ba. Singafo da Rotadam ne manyan kasuwanninsa. Ya fi man yau da kullum tsada, amma babu kuɗin farko, kuma kana iya sayensa a tafiyar da za ta taɓa Turai kawai ka bar shi a sauran.

Ba ya son doguwar ajiya. Yana jan ruwa, ƙwayoyin halitta su hayayyafa a ƙasan tanki, don haka ana so a ƙona shi cikin watanni kaɗan. Yana kuma wanke dattin da ya daɗe a bututu ya kai shi matatar inji, sai a riƙa duba ta akai-akai a kwanakin farko. Haɗarin da ya fi damuna shi ne na takarda. An sha zargin ana sayar da sabon manja da sunan tsohon man girki, kuma idan dazuzzukan Indunusiya aka sare don a cika tankinka, babu abin da muhalli ya ƙaru da shi. Nemi takardar shaidar asali daga hukuma mai zaman kanta, kada ka karɓi man da babu ita. Kuma jiragen sama da manyan motoci suna layi ɗaya da kai a kan wannan mai, saboda haka kada ka sa ran zai yi arha.

Amoniya

Babu kabon a cikinta ko kaɗan, shi ya sa da yawa ke ganin ita ce makomar dogon zango. An gwada ta a Singafo a 2024 da jirgin Fortescue Green Pioneer, a Japan kuma kamfanin NYK ya juya jirgin jan jirage mai suna Sakigake zuwa gare ta. Amma guba ce mai kisa idan ta ɓalle a rufaffen ɗakin inji, tana iya fitar da wata iska da ta fi kabon ɗumama duniya sau ɗari biyu da wani abu, kuma wadda ake yi yanzu don taki galibi daga iskar gas take. Ga mai jirgi ɗaya ko biyu, lokacinta bai yi ba. Iyakar abin da zan ce a yi shi ne barin wurin tanki a sabuwar ƙira.

Fukafukan iska

Wannan ƙari ne a kan kowane mai, ba madadinsa ba. Iri biyu suka fi shahara. Akwai dogayen ganguna masu juyawa a tsaye bisa jirgi, dabarar da Bajamushe Anton Flettner ya gwada tun shekarun 1920. Kamfanin Norsepower ya sa biyu a jirgin Maersk Pelican a 2018, aka auna ragin mai kashi 8.2 cikin shekara guda. Akwai kuma fukafukai masu tauri irin na Pyxis Ocean, wanda Cargill ya yi haya ya tashi da su a Agustan 2023, kowane ɗaya tsayinsa mita 37.5, suka rage wajen tan uku na mai a rana. Iska ba ta da farashi kuma ba a sa mata haraji. Amma sai jirgi mai fili a samansa, kamar na dakon hatsi ko ma'adinai ko mai, kuma sai hanya mai iska. Jirgin kwantena ba shi da wurin, kuma kusa da tsakiyar duniya iskar takan kwanta.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Kuɗin kullum | Ƙarko a gaban doka | Samuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| VLSFO da rage sha | Kaɗan | Matsakaici, ga haraji | Gajere | Ko'ina | Gauraya marar jituwa |
| Baƙin mai da na'ura | Mai yawa | Ƙasa, gwargwadon rata | Gajere | Manyan tashoshi | Hana zubar da ruwa |
| LNG | Mafi yawa | Yana hawa da sauka | Matsakaici | Turai, Asiya, Amurka | Kuɓucewar mitan |
| Metanol | Matsakaici | Mai tsada idan na gaskiya ne | Dogo, idan an samu | Tashoshi kaɗan | Rashin mai tsabta |
| Man tsirrai | Kusan babu | Sama da VLSFO | Matsakaici | Singafo, Rotadam da wasu | Jabun takarda |
| Amoniya | Mai yawa | Mai tsada | Dogo | Gwaji | Guba |
| Fukafukai | Matsakaici | Yana ragewa | Dogo | Ba ya buƙatar tasha | Hanya marar iska |

Wanne ga wa?

Idan jirginka ya haura shekara goma sha biyar, kada ka zuba masa kuɗin da ba zai rayu ya biya ba. Tsaya kan VLSFO, rage gudu, tsabtace ƙasansa a kan kari, ka sayi man tsirrai mai takarda a tafiyar da harajin Turai zai hau kanka ko idan makinka na neman faɗawa D.

Idan aikinka a gaɓar Afirka ta Yamma ne, tsakanin Legas da Onne da Tema da Abijan, ko kana da jiragen jan jirage da na kai kaya rijiyoyin mai, harajin Turai bai same ka ba tukuna, kuma LNG da metanol ba sa jiranka a tasha. Man gas mai kyau daga dillali amintacce, inji mai samun kulawa, da kankare ƙasan jirgi bayan kowane dogon jira, su ne za su rage maka kuɗi da hayaƙi tare. Ka kuma daidaita lokacin isowarka da tasha, domin jirgin da ya yi gudu ya zo ya yi kwana goma a tsaye ya ƙona mai a banza.

Idan babban jirgin dakon mai ko ma'adinai gare ka mai dogon zango, mai matsakaicin shekaru, na'urar wanke hayaƙi na iya biyan kuɗinta, amma ni ba zan ba da shawarar buɗaɗɗiya ba. Ɗauki mai iya rufewa, ko mafi kyau ka kai kuɗin ga fukafukai idan hanyarka ta ratsa inda iska ke kaɗawa.

Idan sabon jirgi za ka ƙera mai zirga-zirga tsakanin Asiya da Turai, injin mai-biyu ya zama dole. Ɗauki LNG da inji mai babban matsi idan kana son abin da za ka iya sha yau. Ɗauki metanol idan kana da mai sayar maka da na gaskiya a rubuce, ko abokan ciniki irin manyan kamfanonin da suka yarda su biya ƙari kan kowace kwantena. Kuma ko wanne ka zaɓa, a sa wa jirgin wurin jona lantarkin tasha tun a ƙira, domin daga 2030 Turai za ta tilasta wa jiragen kwantena da na fasinja kashe janareto su jona wuta a manyan tashoshinta, kuma sa shi daga baya ya fi tsada.

Idan kuwa kai ba mai jirgi ba ne, ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya, kuma kamfanin sufuri ya tallata maka tsarin jigila mai kare muhalli a kan ƙarin kuɗi, tambaye su wane mai aka saya da kuɗinka, daga me aka yi shi, kuma wace hukuma ta tantance. Idan kayanka za su shiga Turai ne kuma mai sayenka na neman lissafin hayaƙi, takardar na iya buɗe maka kasuwa, sai ka biya. Idan daga Gwanju ta ƙasar Sin zuwa Legas ne kuma ba su iya amsa tambayoyin nan uku ba, riƙe kuɗinka.